Azarar Ɗakin Sabohat

Tun da Tursunoy-hola ta karkata butar shayi ta cika kofin har baki, Sabohat ta san ba alheri ne ya sa aka kira ta ba.

A ƙauyen Toshbulak ko yaron goye ya san wannan. Baƙon da ake so, ɗan kurɓi ake zuba masa a gindin kofi, ya shanye a ƙara, ya shanye a ƙara, hira ta yi ta tafiya. Wanda aka cika wa kofi kuwa, an ce masa ne ya sha ya kama gabansa.

Ta karɓa da hannun dama, hagu a ƙirji, kanta a ƙasa. Zuwan nata ma kansa abin kunya ne. Ina aka taɓa ganin yarinya ta taka gidan surukai ba a ɗaura aure ba? Amma Tursunoy-hola ce, uwar saurayinta Elyor, da kanta ta buga mata waya da hantsi, ta ce ta biyo ta ƙofar lambu, kuma kada mahaifiyarta ta ji.

"Yaya jikin, 'yata?"

"Da sauƙi, hola," ta ce, yadda ake kiran babbar mace a nan don girmamawa.

"Da sauƙi," matar ta maimaita, tana kallon ɗankwalin da Sabohat ta jawo har goshi don ya rufe inda gira take a da.

Wata goma ke nan da dattawan gidajen biyu suka zauna suka karya gurasa, aka shafa fatiha, aka ce Sabohat ta zama ta Elyor. Ba a rufa wata biyu ba ta ji wani ɗan ƙullutu a ƙirjinta tana wanka, ɗan abu kamar ƙwallon dabino. Wallahi da za a ce maka abin da bai kai kan yatsa ba zai cinye gida guda, sai ka ce zuƙi ne. Amma ya cinye.

Saniya da maraƙinta suka tafi a kuɗin aikin da aka yi mata a asibitin birnin Tashkent. Keken ɗinkin da take ci da shi ya bi bayansu. Babanta ya jinginar da gonar rumman. Sai aka zo kan adakar da mahaifiyarta ta fara cikawa tun ranar sunanta: barguna masu auduga goma sha biyu, yadin alharini, tukwane, tangaran. Baiwar Allah nan ta zauna a kasuwar Lahadi tana sayar da kayan ɗakin 'yarta ɗaya bayan ɗaya, matan unguwa suna tayawa kamar ba su san na wace ce ba.

Bayan duk wannan, likita ya ce sankarar irin mai dawowa ce. Sai an riƙa yi mata ƙarin ruwan wani magani duk bayan mako uku, maganin kuma saye ake yi. Saura shida. Kowane ɗaya miliyan shida na som, kuɗin ƙasar, ban da kuɗin mota da na masauki.

Alhamis ɗin da ta wuce ce ranarta, ba ta je ba. Ta ce wa iyayenta likita ne ya ɗaga, don ta gaji da ganin babanta yana bin gidajen dangi tun safe yana dawowa hannu rabbana. Elyor ne kaɗai bai yarda da ƙaryar ba.

Tursunoy-hola ta ajiye butar.

"Gobe da safe Hoshim mai katako zai zo da masu zarto. Kin sani?"

Sabohat ta ɗago kai. "Masu zarto kuma? Me za a sare?"

"Terak. Duka arba'in ɗin."

Shayi ya fantsamo mata a yatsu, ko zafin ba ta ji ba.

Duk wanda aka haifa wa ɗa namiji a nan, shekara ba ta juyowa sai ya dasa masa itatuwan terak a bakin magudanar ruwa. Yaro na girma suna girma, dogaye, miƙaƙƙu, ba reshe sai can sama. Idan ya isa aure a sare su da kaka, su bushe, a yi azara a rufa ɗakin amarya. Saurayin da ba shi da su, sai dai ya tafi Rasha leburanci ya yi shekaru yana tara kuɗin katako. Na Elyor arba'in ne cif, babansa marigayi Usta Nemat ya dasa su da hannunsa, kuma duk ƙauyen babu masu kyansu.

"Ban sani ba, hola. Na rantse da Allah ban sa shi ba."

"Na san ba ki sa shi ba. Da kin sa shi ai da abin ya zo mini da sauƙi, sai in tsane ki in huta." Ta ja numfashi. "Kin san abin da ya kashe babansa?"

"An ce ciwon ciki ne."

"An ce! Wannan cutar taki ce, shi a tumbi ta kama shi. Ba mu faɗi sunanta ba don kada a gudi 'ya'yanmu mata. Mun sayar da tumaki, mun sayar da mota, na cire 'yan kunnen aurena na bayar. Ya rage itatuwan nan, lokacin shekararsu goma sha huɗu, sun isa a samu kuɗi. Na durƙusa a gabansa a ɗakin can, na ce, Usta, bari a sare su a mayar da kai Tashkent. Ya kama hannuna da hannun nan nasa da ba sauran nama, ya ce, Tursunoy, idan kika taɓa itacen yaron nan ban yafe miki ba. Wata uku ya ƙara a duniya."

Ta sa gefen mayafi ta danne idanunta, sannan ta ci gaba.

"Mijina kabari ya zaɓa a kan a sare su. Da ransa ya biya rufin nan. Yanzu kuma a kwashe a kai wa masu magani, a kan abin da babu tabbas? Likitan ya ce miki tabbas za ki warke?"

"A'a, hola."

"Ya ce za ki haihu?"

Hawaye suka gangaro wa Sabohat. Da kyar ta ce, "Cewa ya yi sai yadda Allah ya yi."

"To kin gani. Ba zan ɓoye miki ba, yayana ya yi mini maganar 'yarsa Dilrabo. Lafiyayyiya ce, adakarta a cike, kuma tun tana ƙarama idonta ke kan Elyor. Ni ban taɓa sonta kamar yadda nake sonki ba, bakinta ya cika yawa. Amma ni uwa ce, ɗa namiji ɗaya Allah ya ba ni. Ba na so ya wayi gari ba mata, ba ɗa, ba rufi."

Abin da ya fi ƙona ran Sabohat shi ne, ta duba ta duba ba ta ga inda matar ta yi ƙarya ba.

"Me kike so in yi?"

"Ni ya daina jin maganata. Kawunsa ya yi, liman ya yi, duk a banza. Ke kaɗai ce za ki ce ba kya yi ya haƙura. Ki mayar masa da gurasarsa, 'yata. Idan son Allah kike masa, ki sake shi."

Sabohat ta ɗaga kofin ta shanye tas, duk da bakinta da magani ya riga ya saɓule. Ta shafa addu'a, ta dafa bango ta miƙe.

"Gobe kafin su sa zarto ina wurin."

* * *

Gari ya waye da ɗan sanyi. Ƙanƙara ba ta daɗe da narkewa ba, ruwa ya dawo magudana, itatuwa sun fara toho.

Sabohat ta ɗauko ɗan ƙullin da ke ƙarƙashin matashinta. Ranar da aka karya gurasa, da mata suka rarraba kowa ta ci nata, ita ɓoye nata ta yi a hankici. Ya bushe ya yi tauri kamar tsakuwa. Duk abin da ke ɗakin nan an sayar, wannan ne kawai ba mai saye.

Tafiyar da a da take yi a minti goma, sai da ta tsaya sau uku tana dafa katangar mutane.

Tun daga nesa ta hango babbar mota a bakin ruwa. Maza biyu suna zuba wa injin zarto mai, butarsu na kan wuta. Hoshim, wani ƙato mai tumbi, yana bin itatuwan yana ƙwanƙwasa su yana kasa kunne. Elyor na ɗago kai ya gan ta, ya yar da igiyar hannunsa ya taho da gudu.

"Haba Sabohat! Me ya fito da ke cikin sanyin nan?"

Ya tuɓe rigarsa ta sama zai yafa mata, ta ja da baya.

"Elyor-aka," haka take kiransa tun suna yara, yadda ake kiran wa, "ka sallami mutanen nan."

"To, ranki ya daɗe. Sai kuma me?"

Ta miƙa masa ƙullin. Yana kwancewa murmushin ya ɓace daga fuskarsa.

"Na fasa," ta ce. "Ba na sonka. Na daɗe da dainawa, kunya ce ta hana ni faɗa."

"Ɗago ki kalle ni ki sake faɗa."

"Na ce ba na..."

"Tun muna aji uku, idan za ki yi ƙarya takalminki kike kallo. Ranar Alhamis ma shi kika kalla. Kai, takalmin nan ya ji ƙarya a duniya!"

Ai kuwa sai kuka ya ƙwace mata, irin kukan da ta yi wata takwas tana haɗiyewa don kada iyayenta su ji.

"Don girman Allah ka rabu da ni! Na cinye saniyar babana, na cinye gonarsa, na cinye adakar da oyina, mahaifiyata, ta yi shekara ashirin da biyar tana tarawa. Duk wanda ya raɓe ni sai ya tsiyace. Yanzu kuma rufinka zan cinye? In kuma na mutu fa? Ka tsaya a fili, ba ni ba itace, mutane na nuna ka da baki? Ka auri Dilrabo, ka rufa ɗakinka, ka haifi ɗa ka dasa masa nasa. Babanka da ransa ya biya itatuwan nan!"

Elyor ya dubi gurasar. Ya naɗe hankicin a hankali ya sa a aljihun ƙirjinsa.

"Oyi ce ta kira ki."

Sabohat ta sunkuyar da kai.

"Ta gaya miki abin da ya ce mata a ɗaki. To ta gaya miki ina bayan ƙofa?"

Sabohat ta ɗago jajayen idanunta.

"Shekarata goma sha huɗu. Ruwan alwala na kawo masa, na ji komai. Sabohat, baki gare ni kamar kowa. Da na tura ƙofar nan na ce, Baba, ba na son ɗakin, kai nake so, wa ya sani? Amma tsoro ya kama ni, na ajiye butar na gudu. Shekara goma sha biyu ban taɓa zama a inuwar itatuwan nan ba, ke ba ki lura ba? Kowa cewa yake Elyor ya dace, azararsa ta fi ta kowa. Ni kuwa idan na dube su babana nake gani. Yanzu so kike in ƙara ki a kai, sannan in shiga ƙarƙashinsu in kwanta in yi barci? Da wane idon?"

Ya share fuskarsa da bayan hannu, ko kunyar masu zarto bai ji ba.

"Idan ba kya sona, na ji, na gode. Amma itacen nan yau zai faɗi, ranar Alhamis kuma kina Tashkent, ko ke matata ce ko ba matata ba ce."

Wani ɗan sauti suka ji a bayansu, kamar an shaƙe mutum.

Tursunoy-hola ce. Ashe ta biyo ta cikin lambu don ta ga ko yarinyar za ta cika alkawari. Tana tsaye dafe da itacen da ke bakin ruwa, kuma da ganin fuskarta ba abin da ya wuce ta.

"Kana bayan ƙofa," ta ce.

"Ina nan, oyi."

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Ke ma ba ki taɓa gaya mini ba."

Tursunoy-hola ta sulale ta zauna a gindin itacen.

"Idan an sare su yau an yi magani, to ni fa? Ni me na yi ke nan? Na zauna ina kallon mutum yana narkewa, kuɗin maganinsa na tsaye a bakin ruwa yana kaɗa ganye? Cewa ya yi bai yafe ba! Haka aka tarbiyyantar da mu, ba a ƙetare maganar miji, na bi. Shekara goma sha biyu ina ba su ruwa da hannuna, kuma wallahi tallahi ban taɓa buɗe musu ruwa ban tsine musu a zuciyata ba."

Elyor ya zube a gabanta ya riƙe hannayenta.

"Ba ke ba ce, oyi. Ba ke ba ce. Cuta ce, da rashi."

Tausayin matar ya kama Sabohat har ta manta da nata ciwon. Jiya ta ɗauka rufin ɗanta take karewa, ashe abin ya wuce nan.

Shi kuwa Hoshim, bawan Allah, bai ga lokacin gyaran murya ba sai wannan.

"Ku yi haƙuri, hola, rana na yi. Kamar yadda muka yi da Elyor ne, miliyan ashirin da huɗu. Kin san ba lokacin sara ba ne. Ruwa ya hau itace, idan ya bushe sai ya karkace, ƙwaro ya shige shi. Da kaka ce, arba'in zan ba da ko ciniki ba zan yi ba. Ku jira kaka mana."

"Cutar za ta jira kaka?" in ji Elyor, bai ko juyo ba.

Ashirin da huɗu. Sabohat ba ta so ta lissafa ba, amma wanda ya yi jinya kansa ba ya daina lissafi. Ƙarin ruwa huɗu ke nan, biyu babu. Wato zai zubar da rufinsa a kusan rabin kuɗi, abin ma bai kai ba.

Tursunoy-hola ta ɗago kai. Ta dafa kafaɗar ɗanta ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta fyace hanci.

"Nawa ka ce?"

"Ashirin da huɗu, hola. Wallahi ko ni..."

"Rufe mini baki! Hoshim, ni na yi maka wankan farko a duniya ka tsula mini fitsari a riga. Yau kai ne za ka tsaya a kan itacen Usta Nemat ka ce ashirin da huɗu? Ka ɗauka ban san kana da rumfar busar da katako a bayan gidanka ba? Ƙwanƙwasa wannan ka ji! Ka zagaya ƙauyen nan kaf, idan ka samo mini guda ɗaya mai miƙewarsa na ba ka duka kyauta."

"Haba hola, kasuwa ce..."

"Kasuwar uwaka! Wannan ba itace kake saye ba, ran mutum ne a tsaye."

Masu zarto suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Aka ja, aka ja. Hoshim ya yi rantsuwa da 'ya'yansa, ya yi kamar zai hau mota ya tafi, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ya dawo. Gumi na keto masa cikin sanyin nan ya tsaya a talatin, ya ce ko za a yanka shi ba zai ƙara ba.

Talatin. Biyar ke nan. Na shidan babu wanda ya san inda zai fito, babu kuma wanda ya ɗaga maganar.

Tursunoy-hola ta juya ta dubi itatuwan tun daga na farko har na ƙarshe.

"Ku fara da wannan na bakin ruwa," ta ce. "Shi ya fara dasawa."

Injin ya ɗauka, ƙara ta cika wurin. Ba ta tsaya kallo ba. Ta ba itacen baya, ta nufi murhun masu zarto, ta ɗauki kofinsu ta ɗauraye, ta karkata buta. Sannan ta zo ta miƙa wa Sabohat, fuskar nan a ɗaure.

"Karɓi."

Sabohat ta karɓa da dama, hagu a ƙirji. Ta leƙa cikin kofin. Ɗan kurɓi ne a gindi, ko rabin rabi bai kai ba.

Wani sabon kukan ya taso mata.

"Kada ki yi mini kuka," in ji Tursunoy-hola, tana ɗaga murya don ta fi ta injin, nata hawayen na zuba ba ta share ba. "Ɗana ba shi da rufi. Ni ba ni da sauran abin sayarwa. Yau na ƙetare maganar mijina, ban san abin da zan ce masa gobe kiyama ba. Saboda haka buɗe kunnenki da kyau, surukata."

Ta damƙi hannun Sabohat da ƙarfi har sai da ta ji zafi.

"Ki warke. Wallahi idan kika mutu bayan wannan, ban yafe miki ba duniya da lahira."

A bayansu itacen farko ya yi wata doguwar ƙara, ya karkata a hankali, ya faɗi. Ƙasa ta girgiza har cikin kofin da ke hannun Sabohat.